Tulun da Ban Buga Ba

Markus da Talatu, na san abin da kuke faɗa a kaina idan kun haɗu ba na nan. Ba wanda ya kawo mini gulma, a fuskokinku nake gani. Kuna cewa uwarku mace ce mai taurin zuciya, ta kunyata ubanku a gaban ikkilisiya yana da rai, da ya mutu kuma ta hana shi kiɗan bankwana. Rabin maganar gaskiya ce. Ɗaya rabin shi zan rubuta muku yanzu, tun idona yana iya bin layi, don na gwada faɗa da baki na kasa. Duk sanda na buɗe baki sai in tuna fuskar Markus ranar jana'iza, sai maganar ta koma ciki.

Ban daɗe da aure ba babanku, Malam Ishaya kafinta, ya ɗauko ni daga ƙauyenmu na ƙasar Katsina ya kawo ni N'Djamena. Ya riga ni zuwa, ya sayi ɗan fili a Chagoua ba nisa da kogin Shari, ya gina ɗaki biyu na ƙasa da rumfar aiki. Ni kuwa na sauka a garin da ban san ko sannu da bakinsu ba. A kasuwa Larabci, a asibiti Faransanci, a coci ma sai da aka daɗe kafin mu masu jin Hausa mu samu 'yar majami'armu ta kwano. Mu dai abin kallo ne ga kowa. Hausawan garin suna ganin Bahaushe ba ya zama Kirista, Kiristocin garin suna ganin Kirista ba ya zama Bahaushe. Na sha kuka a farkon zuwana har na gaji don kaina. Wata safiya ina shara ina 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, sai na ji murya daga bayan katanga.

"Wace ce nan take waƙa da bakin kakannina?"

Katangar a lokacin iyakarta kafaɗa. Na ɗaga kai na ga wata mata fara siririya ta ɗora haɓa a kanta tana mini dariya. Hajja Kaltume ke nan. Kakanninta sun taso daga ƙasar Kano a ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a bakin Shari, suka ce bari su ɗan huta, hutun da har yau zuriyarsu ba ta gama ba. Hausarta tsohuwa ce, ta cakuɗe da Larabci, wani lokaci sai na yi dariya kafin in gane. Tun ranar ta sa mini suna Amarya, kuma ba ta canja ba har furfura ta fara leƙo mini. Ita ta koya mini cinikin busasshen kifi ba tare da an cuce ni ba, ita ta koya mini yin kisar, wainar nan mai faɗi marar kauri da kuke so. Markus, da Allah ya kawo ka bayan dogon jira, ita ta yanke maka cibiya, don ka zo da gaggawa ba ka jira asibiti ba. Ba ta taɓa ce mini in musulunta ba, ni ma ban taɓa ce mata ta biyo ni coci ba. Ranar Sallah kwanonta ya hauro katanga, ranar Kirsimeti nawa ya haura, har babanku yakan kira mahauci Musulmi ya yanka mana don su ma su ci.

Wanda bai yi damina a unguwar nan ba ba zai gane abin da ya raba mu ba. Ƙasar a shimfiɗe take kamar faifai, ruwa ba shi da inda zai je sai inda aka bar masa hanya. Shi ya sa kowace katanga take da rariya a gindinta, ruwan wannan gida ya bi ta tsakar gidan wancan, haka har ya kai titi. Ba wanda ya rubuta wannan a takarda, mutunci ne kawai na maƙwabta. Ruwanmu ta gidan Hajja yake fita, kuma mijinta tun yana da rai shi da babanku suka fasa rariyar tare. Idan mutum zai yi ciko, wato ya zuba ƙasa ya ɗaga tsakar gidansa, sai ya fara sanar da na kusa da shi, a ɗaga tare ko a nema wa ruwan wata hanya.

Hajja tana da ɗa namiji guda, Adum. Na san shi tun yana yawo ba wando. Ya girma ya shiga harkar kaya tsakanin nan da tsallaken kogi, Allah kaɗai ya san irin kayan, kafin a ankara ya zama Alhaji Adum mai motoci. Ba zan yi masa kwalliya ba, mugun mutum ne. Ya kori ƙannen ubansa daga gidan gado, ya sa aka kulle wani makanike don ya mayar masa da magana, kuma idan yana wucewa da mota a cikin taɓo ba ya rage gudu ko tsohuwa ce a gefen hanya. A shekarar da nake ba ku labari ya rushe tsohon gidan ya gina bene. Motocin ben, waɗanda a gida muke ce wa tifa, suka yi ta juye ƙasa har tsakar gidansu ya kai ƙirjin mutum a kan namu. Aka ja doguwar katangar bulo, aka toshe rariya da siminti, ba wanda ya ce mana ko kanzil.

Babanku ya sa rigarsa ta zuwa coci ya tafi wurin Adum. Na bi shi da sunan gaida Hajja, don haka da kunnena na ji.

"Alhaji, ruwan gidana ta nan yake fita tun kana ƙarami. Ni da mahaifinka muka fasa wurin. Damina ta kusa, ga yara."

Adum bai ce masa ya zauna ba. Yana danna waya ya amsa da Larabci, sannan ya sake faɗa da Hausa don kada wani abu ya wuce ni.

"Malam, ƙasa a kasuwa take. Ka saya ka ɗaga naka. Ni ban aiki ruwa gidanka ba, shi ya san wanda yake ƙasa."

Kun san babanku. Mutum ne da bai taɓa cin ƙusa ɗaya ta wani ba, dattijon ikkilisiya, wanda ko fasto yakan tambaye shi inda wata aya take. Yana iya jure yunwa, yana iya jure asara, amma raini ba ya narkewa a cikinsa. Ya juya muka dawo gida. Ya kai ƙara wurin shef de karre, mai unguwarmu ke nan, shi kuma ya je gidan Adum ya sha shayi ya dawo ya ce a yi haƙuri.

Ruwa ya sauka, ya nemi tsohuwar hanyarsa ya tarar a rufe, ya zauna mana. Katakon babanku ya kumbura ya fara ruɓewa a rumfa. Buhun dawa ya tsiro. Ɗakin girkina ya zauna a ƙasa wata rana da la'asar ina kallo. Masai ya cika ya haɗe da ruwan tsakar gida, warin da har yau idan na tuna sai in tofar da yawu. Muka ɗora gadaje a kan bulo. Talatu, ƙafafunki duk suka yi gyambo, zazzaɓi yana sakinki yana kama ki. Ina faɗa muku wannan dalla-dalla don kada ku ɗauka babanku ya yi fushi a kan banza. An zalunce mu, zalunci na gaske.

A lokacin ne ya mayar da addu'ar safe tsakar gida. Yakan tsaya a cikin ruwa har ƙauri, ya fuskanci katangar, ya buɗe Maganar Allah ya ɗaga murya. Ba ya karanta komai sai wuraren da Ubangiji ya kayar da masu girmankai. Yau sarkin nan da ya hau rufin fadarsa yana yabon kansa, aka kore shi daji ya ci ciyawa kamar sa. Gobe wanda yake tsakiyar biki hannu ya fito ya rubuta masa ƙarshensa a bango. Jibi sarkin Masar da dawakansa a cikin teku, ko mutanen da suka ce za su gina hasumiya har sama. Ya ɗauki azumi, ya rame, idanunsa suka faɗa. Idan ya gama sai ya roƙi Allah ya nuna hannunsa, ku ku ce amin, ni ma in ce amin. Kuma ba da ƙaramar murya nake cewa ba, don ni nake wanke gyambon nan kullum.

Hajja ba ta iya leƙowa ta katanga yanzu, sai ta zagayo ta titi, ta tattare lafayarta, tana dogara sanda a cikin taɓo. Tun da ɗakin girkina ya faɗi kusan kullum sai ta kawo mana kwano. Kunya ta hana ta kallon idon babanku, takan jira ya fita. Wata rana ta ajiye kwanon ta riƙe mini hannu.

"Amarya, ki ce wa mijinki ya rage murya. Adum yana can sama, ƙofa a rufe, injin sanyi yana ƙara, wallahi ba abin da yake ji. Ni ce ɗakina yake jikin katangar. Ni kaɗai nake saurare, kowace safiya, da bakin kakannina."

Sai ta jefo mini tambaya.

"Wannan sarkin da ya ci ciyawa, yana da uwa?"

"Hajja, ba a faɗa ba."

"To, kalas, shi ke nan. Dama ba a tambayar uwa."

Ta gaya mini ta yi wa ɗanta magana har bakinta ya gaji, yakan ce mata ta tsufa ba ta san zamani ba. Da babanku ya dawo na isar masa da saƙon kamar yadda ta ba ni. Ya ce ba shi yake magana ba, Maganar Allah ce, idan ta yi mata zafi ta ƙara gaya wa ɗanta. Washegari bai rage murya ba.

Akwai wani benci da babanku ya ɗora a kan bulo a gindin katangar. Nan ne kaɗai wurin da mutum zai zauna ƙafarsa ba ta cikin ruwa, kuma nan ku biyu kuke wuni. Ranar da abin ya faru ruwa ya kwana yana zuba, da hantsi ya ɗauke. Babanku ya samo kura ya ce ku taya shi tura sauran katakon da bai lalace ba zuwa coci, har ke Talatu ya ɗora ki a sama don ki sha iska. Ba ku daɗe da fita ba Hajja ta yi sallama, da kisar da miyar kuɓewa. Ina cikin ɗaki ina matse kayan shimfiɗa. Na ce mata ta zauna a bencin ina zuwa.

"Kada ki daɗe, Amarya, zai huce."

Maganarta ta ƙarshe ke nan. Ƙarar ba ta yi yawa ba, kamar dai motar ben tana juye ƙasa. Cikon nan ya sha ruwa ya yi nauyi, ya turo katangar gaba ɗaya zuwa wajenmu. Na fito na ga ba benci, ba Hajja, sai tudun laka da bulo har bakin ƙofata. Ban san lokacin da na fara tono da hannu ba, ban san irin ihun da na yi ba, na dai ga unguwa ta cika gidan. Adum ya zo da farar jallabiya ba takalmi, ya durƙusa kusa da ni yana yaƙushin laka har faratansa suka yi jini, yana kiran "Ammi, Ammi" kamar yaron da aka bari a kasuwa. Da aka kai gare ta, ta riga ta cika. Kwanon yana kan cinyarta, ya lotse. Kafin rana ta faɗi an kai ta makwancinta.

Babanku ya dawo ya ga inda bencin yake, ya rungume ku har kuka fara mutsu-mutsu, ya yi kuka irin wanda ban taɓa gani a wurinsa ba. Muka durƙusa a kan gado muka gode wa Allah da ya fitar da ku daga gindin katangar nan. Ina so ku riƙe wannan da kyau: na gode wa Allah don rayukanku ranar, kuma ban daina ba har yau. Na tafi zaman makoki cikin matan gidan, suka matsa mini wuri kamar 'yar'uwa. Shi ma ya je ya yi ta'aziyya wajen maza. Amma da ya dawo sai na ga fuskarsa da wani haske da ya ba ni tsoro.

"Na gan shi, Hannatu. A ƙasa yake zaune, a kan tabarma, ƙafa duk laka. Mutumin da ya ce ruwa ya san wanda yake ƙasa."

"Malam, Hajja ce fa ta mutu."

"Na sani. Allah ya taɓa shi a inda zai ji."

Kun san yadda muke yin godiya a cocinmu. Wanda Allah ya yi wa wani abu yakan tsaya ya ba da shaida, sannan ya koma bakin ƙofa da iyalinsa cikin anko, su taho da rawa har gaban bagadi da baikonsu, wato kyautar godiyarsu, a hannu, zumuntar mata tana ba su waƙa. Waƙar kuwa ba ta tashi sai tulu ya yi magana. Mai tulu ta daki bakinsa da mabugin fata, sannan masu caki su shiga, sannan mai ba da waƙa ta ɗauka. Ni ce mai tulu tun da aka kafa zumuntar, daga gida na taho da hannun. Ba bikin aure, ba suna, ba jana'iza da aka yi ba da kiɗana ba. Babanku ya sayo mana atamfar anko da ɗan akuya, ya nemi fasto ya ba shi lokaci ranar Lahadi. Ranar Asabar da rana ina ɗinke bakin zanen Talatu ya zauna kusa da ni yana jera mini abin da zai faɗa. Na ajiye allura.

"Malam, ka gode wa Allah don yara, in buga maka tulu har hannuna ya sage. Amma ka bar Hajja a kabarinta."

"In ɓoye aikin Ubangiji? Na yi azumi, na yi kuka, ya amsa a gaban unguwa duka. In yi shiru don me?"

"Abincinmu ne a kan cinyarta."

"Hannatu, ke dai ki riƙe tulunki. Shaida tawa ce."

Ranar Lahadi na zauna cikin mata da tulu a tsakanin ƙafafuna, ina roƙon Allah a zuci ya karkatar da harshen mijina. Ya fara da kyau. Ya faɗi bencin, ya faɗi kurar katako, ya faɗi yadda ya ɗora Talatu a sama ba don ya san komai ba, mutane suna share hawaye. Sai ya buɗe Maganar Allah ya koma kan sarkin da ya ci ciyawa. Ya ce Allahn da ya yi wancan bai tsufa ba. Ya ce katangar da mai girmankai ya gina don ya nutsar da bayin Allah, ita ce ta faɗa a kan jininsa, a kan abin da ya fi ƙauna, mu kuwa ko ƙwarzane ba mu samu ba. Ya ce yau Alhaji yana zaune a ƙasa yana cin tasa ciyawar. Wasu suka ce halleluya. Ban ga laifinsu ba, ba su san Hajja ba, kuma da yawansu Adum ya taɓa watsa musu taɓo. Bai ambaci sunanta ba ko sau ɗaya. Ya rufe littafin, ya koma bakin ƙofa, ya kama igiyar ɗan akuya, ku biyu kuka tsaya a bayansa, ya dube ni ya gyaɗa kai.

Na ɗaga mabugi. Allah ne shaidata na ɗaga shi. Amma abin da nake ji a kunnena shi ne kada ki daɗe, Amarya, zai huce. Na ga idan na daki tulun nan, to rawa za a yi a kan matar da ta yanke wa ɗana cibiya, kuma da hannuna za a yi ta. Na sauke mabugin na ajiye a ƙasa, na harɗe hannuwana. Masu caki suka dube ni. Mai ba da waƙa ta buɗe baki ta rufe. Wata ta zungure ni da gwiwar hannu tana raɗa mini, "Maman Markus, lafiya?" Ban motsa ba. Majami'ar ta yi tsit, ba ka jin komai sai kukan ɗan akuya. Babanku ya jira, ya sake jira. Sannan ya taho, ba kiɗa ba waƙa, kansa a miƙe, yana jan akuyar da ke turjewa. Talatu, kin fara taka rawarki ke kaɗai, da kika ga ba kowa sai kika tsaya kika kama rigar Markus. Cocin nan ɗan ƙarami ne, amma ban taɓa ganin tafiya mai tsawo kamar wannan ba. Fasto ya yi gyaran murya ya karɓi baikon ya yi addu'a a gurguje, aka tashi.

Na shirya wa faɗa, har duka na shirya wa, ko da yake bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ci tuwon da na tuƙa, ya wanke hannu, ya kwanta. Daga ranar bai sake kiran sunana ba. Ku ne kuka zama bakinsa: ku gaya wa uwarku kaza, ku tambayi uwarku ina kaza. Bai rage ni da ci ko sutura ba, da na yi ciwo shi ya kai ni asibiti ya zauna a waje har aka sallame ni, amma Hannatu ta fita daga bakinsa. Ya ajiye dattijantaka, ya ce wanda bai iya da gidansa ba ba zai tsaya gaban jama'a ba. Ya koma bencin baya, bai sake wa'azi ba. Na durƙusa masa ba sau ɗaya ba, na ce ya yafe mini kunyar da na ba shi. Yakan ce in tashi gaban ikkilisiya in ce na yi kuskure. Ni kuma na ba shi haƙuri a kan kunyar, amma ban iya cewa kuskure ne ba, don da ƙarya zan yi a ɗakin Allah. A nan muka tsaya, shi a nasa gefen ni a nawa, har gashinmu ya yi fari.

Adum kuwa, bayan an share makoki ya kawo magina suka sake tayar da katangar, wannan karon da ƙarfe a ciki, ta fi ta da tsawo. Bai buɗe rariya ba. Mu ne muka sayar da gidan da arha muka koma unguwar Boutalbagar. Yana nan da ransa har yau, na ji ya ƙara hawa ɗaya a kan benen. Na yi imani Allah yana ƙasƙantar da masu girmankai, ban taɓa shakkar wannan ba, a rubuce yake. Abin da na kasa ganewa shi ne a gidan wa hukuncin ya sauka a shekarar nan. Na juya shi ta kowace fuska. Tsohuwa mai kawo abinci ta mutu, mutum mai gaskiya ya rasa muryarsa, ni na rasa mijina yana kwance kusa da ni, mugun kuma yana shan iska a sama. Wani lokaci nakan ce ko ni ma da nawa girmankan, da ya hana ni furta kalma ɗaya in samu zaman lafiya. Ban sani ba. Na bar wa Mai shari'a.

Yanzu ga abin da ba ku sani ba. A ciwonsa na ƙarshe, ranar da kuka fita neman magani kuka bar ni da shi, ina shafa masa mai a ƙafa sai na ji ya ce, "Hannatu." Hannuna ya tsaya. Na daɗe ban ji sunan nan da muryarsa ba har na ɗauka kunnena ne. Na matso, na ce yau dai Allah ya kawo ƙarshen abin.

"Na'am, Malam."

"Da za a mayar da ranar nan, za ki buga?"

Ya rame ƙwarai, idanunsa a kaina. Kalma ɗaya yake so, kuma mutuwa tana bakin ƙofa, wa zai kama ni da ita? Na buɗe baki, sai hawaye suka riga maganar.

"Malam, ba zan iya ba."

Ya lumshe ido, ya daɗe, har na ɗauka barci ya ɗauke shi.

"To. Kin hana ni tulunki ina tsaye, kada ki ba ni shi ina kwance. Ki yi mini alkawari."

Na yi masa. Shi ne abu na ƙarshe da ya roƙe ni, kuma shi ne karo na ƙarshe da ya kira sunana.

Ranar jana'iza matan zumunta suka ɗauko tulu suka ajiye a gabana, ga akwatinsa a gaban bagadi. Hannuna har ƙaiƙayi yake. Na so in buga wa mutumin nan kiɗan da ba a taɓa ji a garin nan ba, don na ƙaunace shi tun ina budurwa kuma ban daina ba. Na girgiza kai. Markus, ka sunkuyo ka ce mini, "Mama, ko yau ma?" Ban ba ka amsa ba, don ban so a ce ko a bakin kabari ina kai ƙarar ubanku. Na gwammace ku ce ni ce mai taurin zuciya. Amma yanzu na ga kuna gaya wa 'ya'yanku haka, kuma ba na so jikokina su san ni da rabin labari, ko su san kakansu da rabi. Mutumin kirki ne da aka zalunta, ya roƙi Allah ya rama masa, abin da ya biyo baya ya fi ƙarfinmu duka.

Tulun yana ƙarƙashin gadona, na kife shi don ƙura. Tun ranar jana'izar ban sake taɓa shi ba. Idan tawa ranar ta zo, ku fito da shi ku ba wadda ta iya ta buga. Ni ban hana kowa ba.